Bayan Tiyata: Para da Burufen, ko Tramol da Allura?

Kwana biyu da yi wa Kawu aikin ƙaba aka sallame shi. Bai wuce gida ba, sai da ya sa mai pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, ya tsaya a ƙofar kantin maganin da nake aiki a Aboabo, cikin Kumasi ta ƙasar Ghana. Ya sauko a hankali, hannu ɗaya dafe da mara, ɗaya riƙe da takardar likita, ya ajiye ta a gabana kamar wanda ya kawo ƙara wurin alƙali.

"Ɗana, karanta mini wannan. Yaron da ya raka ni ya ce wai para aka rubuta."

Na duba. Farasitamol giram 1 sau huɗu a rana, ibufurofen miligiram 400 sau uku bayan abinci, na kwana biyar. Na ce, "Haka ne, Kawu. Para ne da burufen."

"An farke ni an ɗinke, sannan a sallame ni da maganin ciwon kai? Ko don sun ga katin inshora ne a hannuna? Ba ni tramol. In ba ka da shi, nemo mai yi mini allura."

Ba Kawu kaɗai ba ne. A zangonmu magani ma yana da sarauta. Allura ce sarki, tramol waziri, para kuwa talaka ne da ake aika yaro ya sayo da canjin koko. Wanda aka sallama da para gani yake an raina ciwonsa. To amma masu bincike sun daɗe suna auna magungunan nan a jikin mutanen da aka yi wa aiki, kuma jerin da suka fitar bai bi wannan sarauta ba.

Ga yadda ake gwajin. A sami mutanen da aka gama yi wa aiki, a jira maganin da aka kashe musu jiki da shi ya sake su, zafi ya taso sosai. Sai a raba su da ƙuri'a: wasu a ba su magani na gaske, wasu a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta. Mara lafiya bai san wadda ya haɗiya ba, mai miƙa masa ma bai sani ba. Daga nan a yi ta tambayarsa har awa huɗu zuwa shida, a ƙidaya waɗanda zafinsu ya ragu da rabi ko fiye. Abin da ake fitarwa a ƙarshe lamba ce guda: mutum nawa za a ba maganin kafin a sami ɗaya da ya sami wannan sauƙi, wanda da ƙwayar banza ya sha da bai samu ba. In lambar ƙarama ce, maganin na aiki. In ta yi girma, yawancin masu shansa wahalar haɗiya kawai suke yi.

A shekarar 2015 Andrew Moore da abokan aikinsa na Oksfod suka tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a ƙarƙashin ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya, gwaji kusan 460, mutum kusan 50,000. Farasitamol giram 1 shi kaɗai ya sami 3.6. Ibufurofen miligiram 400 ya sami 2.5. Da aka haɗa su biyun a lokaci ɗaya sai lambar ta sauko 1.5, wato cikin mutum uku biyu sun amfana. Kodin miligiram 60 shi kaɗai kuwa 12 ya samu: sai ka ba mutum goma sha biyu kafin ɗaya ya gode maka. A wani jadawalin da mutanen Oksfod suka fitar tun kafin wannan, tiramadol, wato tramol, miligiram 100 yana wajen 5, allurar mofin, maganin zafi mai ƙarfi na asibiti, miligiram 10 a tsoka tana wajen 3, haka ma allurar ɗan'uwansa fetidin miligiram 100. Wato takardar da Kawu ya raina, ita ce a saman jerin, waziri yana can ƙasa.

Dalilin bai da wuya. Inda aka yanka, jiki yana fitar da wasu sinadarai masu kawo kumburi da tsananta jin zafi. Ibufurofen da ɗan'uwansa dikilofenak, wato diklo, can suke zuwa su rage su tun daga tushe. Farasitamol ya fi aiki a ƙwaƙwalwa da lakar baya. Kowanne da ƙofar da yake tsarewa, shi ya sa haɗa su ya fi ninka ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Su mofin da tiramadol ba ruwansu da kumburin, saƙon zafin suke dusashewa a hanya, su kuma dusashe wasu abubuwan da ba a aike su ba, kamar hanji da numfashi.

Sai dai kada a ɗauki lambobin nan a yi gaba da su ido rufe. Yawancin gwaje-gwajen an yi su ne a kan masu cire haƙorin can ƙuryar baki, kuma sha ɗaya aka auna. Wanda aka buɗe wa ciki aka yanke hanji, ko aka ɗaure masa karayar cinya da ƙarfe, daren farko nasa daban ne. Shi ya sa nake ganin gwajin da aka yi a Denmak, wanda mujallar JAMA ta buga a 2019, ya fi kusa da tambayar da mutane ke yi. Mutum 556 aka canza wa gaɓar kwatangwalo, aiki ne babba mai zafi. Kowa an ba shi na'urar da zai danna ta zuba masa mofin a jijiya in zafi ya dame shi, sai aka duba nawa kowane rukuni ya ja a awa 24. Masu shan farasitamol kaɗai sun ja wajen miligiram 36. Masu ibufurofen kaɗai 26. Masu haɗin biyun 20. Abu biyu na gani a nan. Haɗin ya rage buƙatar mofin kusan da rabi in an kwatanta da para kaɗai. Amma ko masu haɗin ba su tsira daga mofin ba. A babban aiki, ranar farko da ta biyu, mofin yana da gurbinsa, kuma wanda ya ƙi shi don tsoron kada ya zama ɗan ƙwaya ya cuci kansa a banza. Kwana biyu a gadon asibiti ƙarƙashin idon nas daban, wata uku ana saye a bayan tasha daban.

Tambayar Kawu kuwa ta bayan sallama ce, kuma ita ma an auna ta. A 2022 mujallar Lancet ta buga aikin wasu masu bincike na jami'ar McGill a Kanada, waɗanda suka haɗa gwaji 47, mutum 6,607. Wasu an sallame su da magunguna dangin mofin, wasu ba tare da su ba. Zafin da suka ba da labari a gida kusan ɗaya ne. Bambancin da ya fito fili shi ne masu dangin mofin sun fi amai, tashin zuciya, jiri da taurin bayan gida. Ayyukan da aka duba ƙanana ne da matsakaita, ba manyan ayyukan ƙirji ko na ciki ba, kuma aikin ƙaba cikin irin waɗannan yake. Ka tuna kuma mutumin da aka ɗinke wa mara, babu abin da yake gudu kamar yunƙurin amai da nishi a bayi. Maganin da zai jawo masa su biyun ba gata ba ne.

To me zai hana kowa ya sha para da burufen a huta? A nan ne zaɓin yake, kuma a nan na fi daɗewa da mai saye, don burufen da diklo ba na kowa ba ne.

Kafin in miƙa wa Kawu sai da na tsare shi da tambayoyi har ya fara ƙosawa. Ya taɓa yin olsa, ko ya ga bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta? An taɓa ce masa ƙodarsa ta taɓu? Yana da asma, kuma in ya sha asfirin ƙirjinsa yana toshewa? Yana shan maganin tsinka jini? Zuciya fa? Duk wanda ya amsa e a ɗaya daga cikin waɗannan, ibufurofen da dikilofenak sai da sanin likita, sau da yawa ma a bar su gaba ɗaya. Sinadaran da suke ragewa a bakin rauni, su ne kuma ke kare fatar tumbi daga ruwan tsami, su ne ke buɗe wa ƙoda hanyar jini. Tsoho mai ciwon suga da hawan jini, wanda ya zubar da jini a tiyata, ga zafin Kumasi, ga shi ba ya shan ruwa sosai don gudun tashi fitsari, kwana kaɗan na diklo sun isa su taɓa masa ƙoda. Masu sikila ma, da yake ƙodarsu takan raunana da shekaru, kada su saya da kansu. Dikilofenak ya ɗan fi ibufurofen nauyi a kan zuciya da jijiyoyin jini, don haka in an ba ni zaɓi ga dattijo, ibufurofen nake ɗauka, a kwanaki kaɗan, da abinci a ciki.

Kuskuren da na fi gani a kanti shi ne haɗa 'yan gida ɗaya. Asibiti sun ba da diklo, maƙwabciya ta kawo burufen, ɗa ya sayo wani na ciwon jiki mai asfirin a ciki, a haɗa duka a sha. Sauƙin ba ya ƙaruwa, haɗarin zubar jini a tumbi ne ke ninkuwa. Para da burufen gida biyu ne, suna tafiya tare. Burufen da diklo gida ɗaya ne, ɗaya ake ɗauka.

Farasitamol shi ne mai sauƙin hali a cikinsu, amma yana da iyaka da ba a tsallakewa: giram 4 a awa 24 ga babba mai lafiya, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500. Wanda nauyinsa bai kai kilo 50 ba, ko mai ciwon hanta, ko mai shan giya, nasa ƙasa da haka ne, likita zai faɗa. Ciwon hanta kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar nan, da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Kuma a duba kwalin maganin mura da na zazzaɓi, yawancinsu da para a ciki, shi ma yana cikin lissafi. Hanta ba ta kuka da wuri. Ranar da aka wuce iyaka sau da yawa mutum lafiya lau yake ji, sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya.

Tramol fa? Magani ne na gaske, yana da ranarsa. Wanda olsa ko ƙoda ta hana shi burufen, para kaɗai kuma bai riƙe shi ba, likita kan ƙara masa tiramadol na kwana biyu ko uku, kuma daidai ne. Abin da hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta amince da shi miligiram 50 ne da 100, da takardar likita, kuma ba a wuce 400 a rana. Masu 225 da 250 da ke yawo a aljihun samari ta bayan fage suka shigo, babu mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikinsu. Ko na gasken yana sa jiri da amai, yana iya tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman ga mai ita ko mai shan wasu magungunan damuwa. Akwai kuma wani abu da ya haɗa shi da kodin: sai hanta ta juya su kafin su yi ƙarfi, hantar mutane kuwa ba ɗaya ba ce. Wani ya sha kamar ya sha ruwa, wani kaɗan ya kwantar da shi. Ba ka sanin wane ne kai sai ka sha.

Wata magana ga 'yan'uwana matasa, masu pragya da masu dako a kasuwar Kejetia da duk wanda ya saba da ƙwayar nan don ƙarfin aiki. In za a yi maka tiyata, faɗa wa likitan da zai sa ka barci gaskiyar abin da kake sha da yawansa. Ba ɗan sanda ba ne. Jikin da ya saba, adadin da ke isar kowa ba ya isarsa, kuma in an yanke maka ƙwayar farat ɗaya za ka tashi da gumi da rawar jiki da ciwon gaɓoɓi a kan zafin ɗinki, su kuma su rasa gane abin da ke damunka. Haka duk mai shan jiƙo ko wani haɗin gargajiya, a faɗa.

Batun allura gajere ne. In mutum yana iya haɗiya kuma ba ya amai, diklo na allura bai fi na baki aiki ba, illarsa ga tumbi da ƙoda kuma tana nan, don ta jini take zuwa. Abin da allura ta ƙara shi ne zafin tsira da yiwuwar ƙurji a ɗuwawu in hannun bai da tsabta. Amfaninta, da na ƙarin ruwa, da wanda ake sakawa ta dubura, shi ne lokacin da baki bai karɓar komai. Tsakanin allurai masu ƙarfi kuma, in akwai zaɓi, mofin ya fi fetidin. Fetidin awa biyu zuwa uku yake yi ya saki mutum, kuma in ana maimaita shi yana barin wani saura a jini mai sa karkarwa har da jijjiga, balle ga mai raunin ƙoda. Har yanzu ana amfani da shi sosai a asibitocinmu, galibi don shi ne a kabad.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne haihuwa ta tiyata, don a nan rai biyu ne. Ƙanwata an yi mata bara, a wani asibiti nan cikin gari. Na shiga duba ta washegari da safe na tarar ta kwanta a sandare, ta kama ƙarfen gado, numfashi sama-sama, leɓe a cije. Nas ta zo ta ce, daga sifili zuwa goma, zafin nawa? Ta ce, "Da sauƙi." Goggo na gefe tana gyara wa jariri zani, ta ce, "Ai 'yata ba ta da raki. Mu da muka haihu a ɗaki ko tari ba a ji ba." Nas ta rubuta abin da ta ji ta wuce.

Na matsa kusa na ce, "Ke, faɗa mini gaskiya."

Ta ce, "Yaya, takwas ne. Ko tari ba na iyawa. Yaron ma na kasa ɗaga shi."

Mu Hausawa ko ana zare mana rai aka ce ya jiki, da sauƙi za mu ce. Gaisuwa ce mai kyau, amma nas ba gaisuwa take yi ba, awo take yi, kuma da amsar za ta yanke abin da za ta ba ka. Wanda zafi ya hana shi jan numfashi da tari, majina takan taru a huhunsa ta zama ciwo. Wanda ya kasa tashi ya taka, jini kan daskare masa a ƙafa, gudan kuma yana iya tafiya huhu. Mai jego da ta kasa zama, shayarwa ma gagararta take yi. Na koma na kira nas ɗin, ƙanwata ta faɗi lambarta, aka ba ta abin da ya dace. Da la'asar na same ta zaune tana ba da nono.

Ƙwararrun Turai masu tsara shawarwarin da ake kira PROSPECT sun fitar da nasu na wannan aiki a 2021, bayan sun tace gwaje-gwajen da aka yi. Abin da suka fi so: a sa ɗan mofin kaɗan ƙwarai, maikurogiram 50 zuwa 100, a cikin allurar bayan da ake kashe ƙasan jiki da ita, a ba da deksametason, maganin rage kumburi, sau ɗaya a jijiya bayan an ciro jariri, sannan farasitamol da ɗaya daga dangin burufen a kan lokaci, ba sai zafi ya taso ba. Wannan ɗigon mofin na baya yana riƙe mace mafi yawan yinin farko da darensa. Kuɗinsa ƙaiƙayi ne, wani lokaci da tashin zuciya, kuma yana buƙatar nas mai leƙo numfashi, shi ya sa ba kowane asibiti ke yi ba. Inda ba a sa shi ba, akwai allurar kashe jijiyoyin bangon ciki, ko a zuba maganin kashe zafi a bakin yankan kafin a rufe. Mai ciki da aka sa wa ranar aiki, ko a Gee, babban asibitin Kumasi, ko a ƙaramin asibitin unguwa, tana da damar ta tambaya tun a awo: wanne kuke yi a nan, kuma me za a ba ni in na koma gida?

Ga mai shayarwa, para da ibufurofen kaɗan ne ƙwarai ke shiga nono, an yarda da su. Kodin da tiramadol kuwa hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa mai shayarwa ta guje su, saboda waccan hantar mai saurin juyawa: uwa ba ta san tana da ita ba, jariri ya sha ya yi ta barci, ya kasa kama nono, numfashinsa ya yi rauni. Wadda jininta ya hau sosai a ƙarshen ciki har ya taɓa ƙoda, ko ta zubar da jini da yawa, ita kuma burufen ɗin ne likita zai iya dakatarwa. Kada 'yan barka su kawo nasu.

Akwai gabafentin, maganin farfaɗiya da ciwon jijiya, da aka yi yayinsa a ƙasashen waje ana ba da shi kafin aiki. Da aka tattara gwaje-gwajensa a 2020, sauƙin da ya ƙara bai taka kara ya karya ba, jiri da dishi-dishin ido kuwa sun ƙaru. In ba a rubuta maka ba, ba ka yi asarar komai ba.

Kowanne aka zaɓa, zafin aiki raguwa yake yi kullum. In ya juya yana ƙaruwa bayan kwana na uku, ko zazzaɓi ya shigo, ko ɗinkin ya yi ja yana ruwa, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan ba aikin kanti ba ne, a koma inda aka yi aikin a ranar. Haka in wata uku sun wuce wurin yana suka ko yana zugi kamar wuta. Yakan faru ga wajen mutum ɗaya cikin goma bayan aikin ƙaba, jijiya ce ta taɓu, kuma maganinta daban ne.

Kawu dai ba shi da olsa, ƙodarsa lafiya, hawan jininsa kuma likitan ya san da shi kafin ya rubuta. Na ɗauki biro na zana masa a bayan kwali, da yake lokutan sallarmu a nan ba sa motsi sosai duk shekara: para biyu bayan asuba, biyu da azahar, biyu da magariba, biyu wajen sha ɗayan dare. Burufen ɗaya bayan koko da ƙosai, ɗaya bayan abincin rana, ɗaya bayan tuwon dare. Na ce ko bai ji zafi ba ya sha, kwana ukun farko, kada ya jira ciwon ya riga shi. In zai yi tari ya danna filo a kan ɗinkin. Salla kuma a zaune, har likita ya ce ya sunkuya.

Ya karɓa yana gunaguni. Rana ta shida sai ga shi da ƙafarsa, ba pragya, ya zo sayen filasta. Na ce, "Kawu, ya jiki?"

"Da sauƙi."

"Na gaisuwa ko na lamba?"

Ya yi shiru yana lissafi da yatsu. "Biyu. In na tashi daga tabarma, uku." Ya karɓi canjinsa, ya kai bakin ƙofa, ya juyo. "Amma da allura aka yi mini, da tun shekaranjiya na koma kasuwa."